Ciwon Daji: Nisan Da Ke Tsakanin Ɗakin Bincike Da Wurno

A watan Oktoban 2024, mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa sakamakon wani bincike da masu gudanar da shi suka bayyana a matsayin ci gaba mafi girma da aka samu cikin sama da shekara 20 wajen jinyar sankarar bakin mahaifa. Wata tara bayan nan, a Yulin 2025, Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar cibiyar jinyar ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tare da takwarorinta biyu a Inugu da Binin. Duka biyun labarai ne masu faranta rai, kuma sun cancanci yabon da suka samu.

Sai dai ana auna ci gaban kiwon lafiya ne da mutumin da ya fi kowa nisa da shi. Don haka ya dace a dubi wuri irin Wurno. Ba Wurnon Sakkwato mai hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ake nufi ba, Wurnon Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu ce ta kudancin Jigawa, ɗaya daga cikin mazaɓu 287 na jihar. Yankin Birnin Kudu da Gwaram ƙasa ce ta manoman dawa da gero da gyaɗa da riɗi, a bakin iyakar Bauchi. Yana kuma da wata sa'a da akasarin karkarar Arewa ba ta da ita, domin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma duk suna cikin garin Birnin Kudu. Idan sakamakon bincike ya kasa isa ga macen da ke zaune a irin wannan wuri, da wuya ya isa ga wadda ta fi ta nisa. Idan kuwa ambaliya ko rikici ya raba macen da gidanta, nisan ya ninku.

Abin da tarihin binciken cutar ke nunawa shi ne, akasarin rayukan da za a iya cetowa a irin wannan yanki sun wuce matakin jiran sabon magani. Abu biyu suke jira: bakin da zai kai musu labari da harshen da suke ji, da hanyar da za su bi bayan sun ji.

Abin da ɗakunan bincike suka samo

An gudanar da binciken da The Lancet ta wallafa, mai suna INTERLACE, a kan mata 500 a Birtaniya da Meziko da Indiya da Italiya da Brazil, bisa jagorancin Dokta Mary McCormack ta Landan. An raba matan gida biyu. Rukunin farko an yi musu jinyar da aka saba, wato gashi da na'ura haɗe da ƙarin ruwan maganin da aka fi sani da kemo. Rukuni na biyu an fara ba su wasu magunguna biyu, carboplatin da paclitaxel, sau ɗaya a mako har mako shida, kafin a shiga jinyar da aka saba. Bayan shekara biyar, kashi 80 cikin 100 na rukuni na biyu suna raye, a rukunin farko kuwa kashi 72. Abin da ya ƙara wa sakamakon daraja shi ne magungunan biyu tsofaffi ne, kamfanoni da dama na sarrafa su, kuma likitocin Najeriya sun daɗe suna aiki da su.

Wannan ya bambanta da wani labari da ya zagaya wayoyin jama'a a watan Yunin 2022, inda aka yi ta yayata cewa "an gano maganin kansa" a Amurka. Gaskiyar lamarin ita ce, a asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York an ba majinyata 12 masu wani nau'in sankarar ƙarshen hanji maganin dostarlimab, ƙarin kuma ya ɓace a jikinsu duka. Nasara ce ta haƙiƙa, amma nau'in cutar ƙalilan ne ke da shi a cikin masu sankarar hanji, kuma an ƙiyasta kuɗin allura ɗaya a kan kusan Dala 11,000, alhali sai an yi ta duk mako uku har wata shida. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000 a wata, wannan labari ne na ji kawai.

Ko shi binciken INTERLACE mai sauƙin kuɗi yana da sharaɗi. Magungunan share fage ne ga gashi, gashin kuwa yakan ɗauki kimanin zama 25, kwana biyar a mako har mako biyar, sannan a ƙara da na cikin jiki, kuma likitoci na son a kammala komai cikin mako takwas. Manyan cibiyoyin gashi na Gwamnatin Tarayya a Arewa suna Zariya da Sakkwato da Gombe da Maiduguri da Abuja, sai Katsina da ta shigo sahu. Babu ɗayansu a Jigawa. Ga macen Wurno, gashi yana nufin barin gida wata biyu, da neman masauki a garin da ba ta san kowa ba, da ɗaukar mai jinya da shi ma zai bar gonarsa ko sana'arsa.

Binciken da ya riga ya iso Jigawa

Akwai wani sakamakon bincike da ya riga ya taka ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wato allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV. Masanin nan Bajamushe Harald zur Hausen ne ya tabbatar da cewa wannan ƙwaya ke haddasa sankarar bakin mahaifa, aikin da ya ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008. Nau'o'inta biyu, na 16 da na 18, su ke jawo aƙalla kashi 70 cikin 100 na cutar. A Skotlan, inda aka fara yi wa 'yan mata rigakafin a 2008, hukumar lafiyar yankin ta sanar a Janairun 2024 cewa ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu da cutar ba a cikin waɗanda aka yi wa cikakken rigakafi suna da shekara 12 ko 13.

Abin da ya sauƙaƙa wa ƙasashe irin Najeriya kuwa daga Afirka ya fito. Wani bincike da aka yi a Kenya a kan 'yan mata 2,275 ya nuna cewa allura ɗaya tak tana ba da kariyar kashi 97.5 cikin 100 daga nau'o'in nan biyu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin allura ɗaya. Ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta ƙaddamar da rigakafin kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kaiwa ga miliyan 7.7 a zangon farko, kuma Jigawa da Kano da Bauchi na cikin jihohin da aka fara da su. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kimanin 12,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu.

Muhimmancin allura ɗaya ga mutanen da ba su da tsayayyen mazauni a bayyane yake: haɗuwa ɗaya da ma'aikaciyar lafiya ta wadatar. Matsalar ita ce gangami yakan zo ya wuce. Bayansa rigakafin ya koma cikin jerin alluran yau da kullum a asibitocin matakin farko, inda sai iyaye sun kai yarinya da ƙafarsu. Uwa ta saba kai jariri awo, amma ba ta saba kai 'yar shekara tara lafiyayyiya asibiti ba. Yarinyar da ke makaranta malamanta na iya tuna mata. Wadda ke talla a kasuwar Sara, ko wadda iyayenta suka sauka a gefen gari bayan ruwa ya ci gidansu, babu rajistar da sunanta yake ciki.

Masu gudun hijirar da ba su da sansani

Dokokin duniya sun bambanta wanda ya tsallake iyakar ƙasarsa da wanda aka raba da gidansa a cikin ƙasarsa. Hausa ba ta yi wannan rabo ba, duk 'yan gudun hijira take kiransu, kuma ta fuskar lafiya ita ce ta fi kusa da gaskiya. Najeriya na da sama da mutum miliyan uku da rikici ya raba da muhallinsu a cikin gida. Wasu dubbai suna sansanin Minawao na Kamaru tun 2013, wasu kuma daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun tsallaka Jihar Maraɗi tun 2019. Mafi yawan na cikin gida ba a sansani suke ba. Sun sauka ne gidajen dangi da na masu tausayi, ko sun kama haya a gefen garuruwa a Bauchi da Gombe da Kano da Jigawa.

A Jigawa akwai wani rukunin da ruwa ke kora. Ambaliyar 2022 ta hallaka sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, ta raba kimanin miliyan 1.4 da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2024 abin ya sake maimaituwa, kudancin jihar ma bai tsira ba. Waɗannan mutane sukan fake a azuzuwan makarantun firamare na wasu makonni, sannan su watse. Agajin da ake kai musu na gaggawa ne: abinci, tabarma, gidan sauro, maganin zazzaɓi da na gudawa. Wannan daidai ne, domin kwalara kan kashe cikin kwana guda. Amma ciwon daji ba ya dakatawa don an yi ambaliya. Ƙullutun da ke cikin mama yana ci gaba da girma, mai karɓar kemo duk mako uku kuma zagayensa ya yanke. Hanyar ma kanta kan yanke da damina. A Agustan 2021 karyewar wata gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka ta yi sanadin rasuwar matafiya 21.

Abin da ke faruwa da mai ciwon daji a cikin hijira an taɓa auna shi da alƙaluma. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya duba buƙatun jinyar ciwon daji 511 da 'yan gudun hijira suka gabatar wa kwamitin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Jodan tsakanin 2010 da 2012. Buƙatu 246 kawai aka amince da su, ƙasa da rabi ke nan. Babban dalilin ƙin amincewa shi ne cutar ta riga ta yi nisan da jinya ba za ta yi amfani ba, sai kuma tsada. Sankarar mama ce ta fi yawa a cikin buƙatun. Darasin a nan shi ne, ko a inda ake da kwamiti da asusu da asibitocin zamani, makara ita ce ta fara rufe ƙofa.

A gida kuwa, Maiduguri ta nuna wani ɓangaren matsalar. Ranar 10 ga Satumban 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, ruwa ya mamaye Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya lalata na'urori masu tsada, ciki har da na cibiyar jinyar ciwon daji. Jihar da ta fi kowace yawan 'yan gudun hijira ta wayi gari majinyatanta na neman layi a wasu jihohi, layin da majinyatan Jigawa su ma ke bi.

Kalmar "daji" da abin da ta ɗauko

Duk mai son wayar da kan jama'a a wannan yanki sai ya fara da kalmar kanta. A bakin mutanen karkara, "daji" ya haɗa abubuwa da yawa: kumburin ƙafa, gyambon da ya ƙi warkewa, ciwon ƙafar mai ciwon sukari, da kuma ainihin sankarar da likita ke nufi. Mai maganin gargajiya da ya wanke wani kumburi ya warke, da gaskiyarsa yake cewa ya warkar da daji, shaidunsa kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai mai sankarar mama ta bi wannan shaida, ta shafe watanni tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe.

Ga kuma maganar da ta zauna a zukata, cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ruwa ba ya tsami banza. Jama'a sun ga an kai mace asibiti, an yanke mata mama, bayan 'yan watanni an kawo gawarta. Abin da ba su gani ba shi ne cutar ta riga ta bazu zuwa huhu ko ƙashi tun kafin wuƙar likita ta taɓa ta. Da haka makara ke haifar da tsoro, tsoro kuma ya sake haifar da makara. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka biyar, aka wallafa a 2020, ya gano cewa kashi 36 cikin 100 ne kawai na matan Najeriya da aka bibiya suke raye shekara uku bayan an gano suna da sankarar mama. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 90 ne ke wuce shekara biyar. A asibitocin Kudu maso Gabas aka tattara bayanan Najeriya, kuma babu dalilin zaton cewa karkarar Arewa ta fi su sauƙi.

Akwai kuma tabon tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, shari'ar kuma ta ƙare da sulhun Dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. A lokacin Jigawa ba ta wuce shekara biyar da rabuwa da Kano ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan na cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji uba yana tambayar dalilin da ya sa 'yan mata kaɗai ake yi wa sabuwar allura, kuma ko za ta taɓa haihuwarsu. Tambaya ce da ke buƙatar amsa cikin girmamawa: mata ne ke da bakin mahaifa, ƙasashe da dama suna yi wa maza ma, kuma miliyoyin matan da aka yi wa allurar tun 2006 sun yi aure sun haihu.

Tarihin shan inna ya nuna yadda ake gyara irin wannan ɓaraka. Bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka shiga aikin, aka kuma ɗauki mata 'yan gari masu shiga gida-gida. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Wannan tsari yana nan a masarautar Dutse, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta. Mai unguwa shi ne mutum na farko da ke sanin baƙon da ya sauka a unguwarsa, tun kafin wata hukuma ta san da shi.

Abin da ya kamata a koyar

Saƙon bai da yawa, kuma ba ya buƙatar digiri. Ƙullutu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo, a je a duba. Rashin ciwon ma shi ne abin tsoro. Jini bayan saduwar aure, ko bayan mace ta daina al'ada, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, a je a duba. Gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ramar da ba a san dalilinta ba, wahalar fitsari ga dattijo, duk a je a duba.

Dubawar ma tana da sauƙi fiye da yadda ake zato. A birnin Mumbai na Indiya, asibitin Tata Memorial ya bibiyi mata kimanin 150,000 na unguwannin talakawa. An horar da mata masu ilimin sakandare su riƙa shafa ruwan khal mai sauƙi a bakin mahaifa, inda wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari. Bayan shekara 12, mace-macen sankarar bakin mahaifa sun ragu da kashi 31 cikin 100 a rukunin da aka duba, idan aka kwatanta da rukunin da aka yi wa bayani kawai. A yau akwai 'yar na'urar hannu mai batir da ke ƙone wurin da ya fara lalacewa cikin mintoci kaɗan, tun bai zama sankara ba. Ungozomar da aka horar a Birnin Kudu tana iya wannan aiki, kuma ita ce mace za ta fi sakin jiki da ita.

Akwai nau'o'i biyu da suka shafi rayuwar manomi kai tsaye. Na farko sankarar hanta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda idan ya haɗu da gubar aflatoxin haɗarin sankara yakan ninku. Gubar tana fitowa ne daga fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Iyalin da ruwa ya shiga rumbunsu ba su da zaɓin zubar da hatsi, abin da ya rage shi za su shanya su ci. Sanin cewa a tsince ƙwayar da ta canja launi a zubar, a kuma busar da amfani sosai kafin a zuba a buhu, rigakafin sankara ne. Haka kai jariri a yi masa allurar ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a yankin da akasarin haihuwa a gida ake yi.

Na biyu tsargiya. Fitsarin jini a wurin yaran da ke wanka a kududdufi da rafi ya zama ruwan dare har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya tsutsar da ke haddasa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Maganinta, praziquantel, kyauta ake raba shi a makarantu. A nan ma yaron da hijira ta fitar daga aji shi ne ke rasawa.

Bayani ba tare da hanya ba

Binciken Mumbai yana da darasi na biyu da ba a cika ambato ba. Matan da aka gano suna da cutar an ba su jinya kyauta a babban asibiti. Bayani ya yi amfani ne saboda akwai ƙofar da aka buɗe a bayansa. A gaya wa mace cewa ƙullutun mamanta abin tsoro ne, sannan a bar ta da takardar turawa zuwa Kano ba ta da kuɗin mota, an ƙara mata damuwa ne kawai, kuma maƙwabtanta za su koyi cewa zuwa asibiti ba shi da ranar komai.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. An yi ƙoƙarin rage wannan nauyi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a 2021 da asibitoci shida, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Gombe, domin masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Cibiyar bincike da jinyar ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, wadda aka sa hannu kan dokarta a ƙarshen 2017, ta fara aiki a 2023. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. Duk waɗannan suna amfanar wanda ya riga ya isa babban asibiti aka tabbatar da cutarsa. Tsakanin ɗakin shan magani na mazaɓa da wannan matsayi akwai kuɗin mota, da kuɗin yankar ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji, da makonnin jiran sakamako. A wannan tsakanin ne akasarin majinyata ke ɓacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta zuwa ranar da za a tabbatar da abin da ke damunta.

Su kansu alƙaluman ƙasa, wato sababbin masu cutar kusan 128,000 da mace-mace kusan 80,000 a 2022, ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistar birane ƙalilan. Wadda ta rasu a ɗakinta a ƙauye, aka ce daji ne ko sammu, ba ta cikin lissafin kowa. Cutar da ba a ƙirga ba kuwa ba ta samun gurbi a kasafin kuɗi.

Lokacin ma bai ba da sararin jinkiri ba. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ta kuma sanar da dakatar da tallafinta ga ƙawancen Gavi, wanda ya taimaka wajen samar wa Najeriya allurar HPV. Majalisar Tarayya ta ƙara Dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓi. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, aikin wayar da kai ne ake fara yankewa, domin ba shi da ginin da za a yanke wa ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Abin da ya rage a yi

Matakan da za su kawo sauyi a Wurno da makamantanta ba su fi ƙarfin jiha da ƙaramar hukuma ba. Duk lokacin da aka tsugunar da waɗanda ambaliya ta kora a makaranta, tawagar lafiya ta je da allurar HPV, ta kuma tambayi wanda ke kan wata doguwar jinya da ta yanke. A horar da ungozomomin asibitocin mazaɓu aikin duba mama da bakin mahaifa, a ware rana ɗaya a mako, zai fi kyau ta dace da ranar kasuwa. A samar da ma'aikaci guda a asibitin tarayya na Birnin Kudu wanda aikinsa shi ne bin sawun duk wanda aka turo, daga gwaji har zuwa layin gashi, yana kiransa a waya idan ya ɓace. A sa kuɗin gwajin tsoka da na mota cikin abin da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar ke biya wa marasa ƙarfi, ba tare da tambayar asalin jiharsu ba. Saƙon rediyo da na majalisin mata kuma ya fita da Hausa da Fillanci, har da Barbarci inda ake da baƙin Borno da Yobe.

Akwai rabon da ya faɗo kan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da ke Kano da Dutse da Kaduna da Abuja. Su ne ake kira daga gida idan ciwo ya ci ƙarfin iyali, su ne ke biyan kuɗin jinya, a gidajensu kuma majinyata ke sauka. Akasari kiran yakan zo ne bayan an sayar da akuya da amfanin gona, an zagaya masu magani, ciwon ya fashe. A lokacin miliyoyin Naira ma ba sa sayen abin da 'yan dubbai za su iya saye shekara guda kafin nan. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin sakatariya da ya je gida da Sallah yana da bakin da ake saurara. Zai iya tambayar ko an yi wa 'yan matan gidan allura, ya sa matarsa ko 'yar uwarsa ta keɓe da iyaye mata ta tambaye su abin da kunya ba za ta bari su faɗa wa namiji ba, ya kuma biya kuɗin motar zuwa Birnin Kudu tun ƙullutun bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa da ke tara kuɗin gina masallaci da gyaran maƙabarta suna iya ware wani kaso domin wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe burin cewa zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a kuma yi jinyar kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar. Za a ci gaba da buɗe cibiyoyi, masana kuma za su ci gaba da fitar da sababbin magunguna, kuma duka ana buƙatarsu. Amma alƙalamin da zai nuna ko Jigawa ta kama hanya yana cikin littafin rajistar asibitin Birnin Kudu: a cikin matan da suka zo daga Wurno da Gwaram da ƙauyukan da ke kewaye, 'yan gari da baƙin da hijira ta kawo, nawa ne suka iso da ƙafarsu tun cutar tana matakin farko, nawa ne kuma aka kawo a kwance.